Ranar da Baffa Ya Jinjina Kayan Kwana-kwana

Na rubuta wannan ne bayan yayana Haladu ya miƙe da ƙafafunsa, domin iyalan da ke da ɗan kwana-kwana a gida. Mun shafe makonni shida muna maganin abin da ba shi ke damunsa ba, kuma saura ƙiris ƙafarsa ta hagu ta tafi a cikin waɗannan makonni. Babu mugu a labarin nan. Kowa a cikinmu yana ƙaunarsa, kowa kuma ya kawo iyakar abin da ya sani.

Yaya Haladu ya shekara goma sha huɗu yana aikin kashe gobara. Gidansa yana Kiru. Asalinmu Ba'awa ne, inda ƙanin mahaifinmu, Baffa Sule, yake riƙe da gida tun rasuwar mahaifinmu. Ni ina aikin rediyo a Kano, sai ƙarshen mako nake leƙo su. A danginmu, da Yaya ake misalin ƙarfi. Idan buhun masara ya gagari samari biyu, shi ake kira ya ɗaga shi kaɗai. Wannan suna da ya yi shi ya fara cutar da shi, don babu wanda ya yarda kayan sawa za su iya kayar da mutum irinsa.

Abin ya faru ne da kaka. Wuta ta kama ɗakin ajiyar masara a wani ƙauye ta wajen Tudun Wada, da hantsi. Motarsu ba ta iya shiga lungun ba, sai suka tsayar da ita a bakin gari suka ja mesar ruwa da ƙafa. Ba su gama ba sai la'asar. Da aka zo naɗe mesa, Yaya ya sunkuya da tukunyar iska a bayansa, sai ya ji wani abu ya ce ƙas a ƙugunsa. Ya gama naɗewa, ya saɓa ta a kafaɗa, ya kai mota. Bai gaya wa kowa ba.

Matarsa Rabi ce ta fara ganewa. Ni da ita akwai wasan ƙanin miji tun ranar da aka kawo ta, kuma ba ta taɓa kirana da sunana Nasiru ba. A makon farko ta kira ni a waya.

"Mai labarai, ga labari na kawo maka kyauta. Yayanka ya tsufa."

"Ke kika tsofar da shi da tuwon dawa."

"Bar wasa. Mutumin da ke tashi kamar an harba shi, yau sai da ya dafa bango. Wando ma a zaune ya sa."

Na ce ta ba shi wayar. Ya ce gajiya ce kawai, kada in biye wa Rabi. Ya sayi maganin ciwon jiki a kemis ya koma aiki. Ƙorafina na farko a kansa yake: a makon nan sau biyu ya sake sa kayan, ya sake hawa mota, don kada abokan aiki su ce ya fara laushi.

A mako na biyu ciwon ya bar ƙugu ya gangara. Yana bin bayan cinya, ya sauka sha-raɓa, har dunduniya. Ya ce ji yake kamar an zura masa waya mai zafi ana ja. Zama ya fi tsayuwa wahala, tari kuwa ya fi komai. Daga nan ya ɗauki hutu.

Baffa ya zo daga Ba'awa a kan achaɓa, ya zauna a gefen katifa, ya tattaɓa bayan, ya yanke hukunci.

"Sanyi ne. Mutum kullum yana cikin ruwa, kaya jiƙe a jikinsa, me kuke tsammani?"

Maganar ta shiga hankali, har da nawa. Aka kawo jiƙon sanyi a galan. Aka kira wanzami ya yi masa ƙaho shida a baya. Wata goggonmu ta aiko cewa basir ne ya hau, ta haɗo da nata ƙullin. Wani makiyayi abokin Yaya, wanda suka taɓa kashe masa wuta a ruga ta wajen Doguwa, ya taso takanas da ƙwaryar man shanu, ya ce a riƙa murza masa. Rabi ta murza safe da yamma har tafin hannunta ya yi laushi. Kowane magani yakan ba shi sauƙin yini ɗaya, mu kuma mu ce an dace.

A mako na huɗu na matsa muka je ƙaramin asibiti. Mun yanki kati da ƙarfe takwas, ba mu ga ma'aikacin ba sai bayan azahar, kuma duk wannan jiran Yaya a tsaye ya yi shi, jingine da ginshiƙi, don benci ya gagare shi. Ma'aikacin ya rubuta allura da hutu. Ya kuma ce idan ƙafar ta fara mutuwa, kada mu tsaya ko'ina, mu wuce Kano a ɗauki hoto. Ina gode masa har yau. Gaskiya ya gaya mana, mu ne muka ɗauki rabin farko na maganarsa muka bar rabin ƙarshe a ƙofar ofishinsa.

Mako na biyar shi ne wanda ba na son tunawa. Aka kawo mai ɗori, dattijo mai suna a aikinsa, wanda ya gyara karaya da yawa a yankinmu. Ya ce ƙashi ne ya goce, sai an ja. Ya kama ƙafafun, aka ce wani ya danne kafaɗu. Ni na danne. Ni da na sha karanta shirin lafiya a rediyo ina gargaɗin mutane, ni na danne kafaɗun yayana aka ja shi. Ban taɓa jin ya yi ihu ba sai ranar.

Washegari da safe ya fito alwala, silifas ɗinsa na hagu ya zame a tsakar gida, ya ci gaba da tafiya bai sani ba. Rabi ta ɗauko takalmin ta bi shi.

"Baban Walida, tsaya."

Ta durƙusa ta mintsini bayan ƙafar da ƙarfi. Ya dube ta yana jiran ta yi abin da za ta yi.

"Ka ji?"

"Na ji me?"

Ta kira ni, kuma a ranar ba ta ce min mai labarai ba. Ta ce, "Nasiru, zo."

Mun shiga Kano a mako na shida. Ba zan faɗi sunan asibitin ba, don abin da muka gani ana ganinsa a wurare da yawa. Layi tun bayan asuba. Keken marasa lafiya guda biyu ga mutum fiye da yadda zan ƙirga. Aka rubuta mana hoton da ake shigar da mutum cikin na'ura, muka je aka ce na'urar ta tsaya, sai dai waje. Hoton na waje shi ya sa muka sayar da masarar da aka yi niyyar ajiyewa har ta yi daraja. Amma a wannan asibitin ne wata nas ta ga yadda Yaya ke jan ƙafa, ta fitar da katinsa daga ƙasan tari ta ɗora a sama, ba ta san mu ba, ba mu roƙe ta ba.

Likitan ƙashi mutum ne mai magana a hankali. Ya ɗaga hoton ya nuna mana. Ya ce tsakanin kowane ƙashin baya da ɗan'uwansa akwai wani abu kamar ƙaramin matashi, na Yaya guda ya fashe ya fito, ya danne jijiyar da ke tafiya ƙafa. Ya tambayi aikinsa. Da ya ji, sai ya ajiye biro.

"Kayan da kake sawa, nauyinsu nawa?"

"Ban taɓa aunawa ba, likita."

"Shekara nawa?"

"Sha huɗu."

"To, ba ranar nan ya fashe ba. Ranar nan ya ƙarasa."

Ya ce sai tiyata, kuma cikin mako biyu. Ya ce idan fitsari ya fara gagara ko ya fara zubowa ba da saninsa ba, ko a wane lokaci ne a kawo shi. Sannan ya faɗi maganar da ta zauna min: "Ciwo zan iya rage shi ko yaushe kuka zo. Jijiyar da ta mutu kuwa, ba ni da yadda zan tashe ta."

Aka miƙo takardar amincewa. Yaya ya karanta, ya ninke, ya sa a aljihu. A mota ya ce min, "Aure ban yi ba sai da izinin Baffa, aikin nan ma haka. Ba a kan wuƙa a bayana zan fara tsallake shi ba." Na yi faɗa, na yi lallashi. Ya kalli titi.

Baffa ya ƙi. Na durƙusa a gabansa a zauren Ba'awa na maimaita duk abin da likita ya ce, dalla-dalla. Ya bar ni na gama.

"Na san mutum a Bebeji da aka taɓa masa baya, har ya rasu bai sake takawa ba. Wannan ɗaya. Na biyu, likitan nan ya ce riga ce ta karya Haladu. Riga! Yaron da ke ɗaga buhu shi kaɗai. Mutumin da bai gane abin da ya kawo ciwo ba, shi zan ba wa bayan ɗana ya yanka?"

A bisa abin da Baffa ya sani, maganarsa daidai take. Kwana huɗu suka tafi a haka. Yatsun ƙafar suka daina ɗagawa gaba ɗaya.

Rabi ba ta da bakin yin gardama da Baffa. Surukinta ne, ko gaisuwa daga bayan labule take yi masa. Amma ta shekara goma sha biyu tana kallonsa. Ta same ni a ƙofar kicin.

"Kai da iliminka, ka je kana karanta masa labarai. Baffa ba da kunne yake yarda ba, da hannu yake yarda. Ka taɓa ganin ya wuce kaya bai jinjina ba? Ko ƙullin kayan miya na ajiye, sai ya ɗaga ya ji. Ka sa Malam Isyaku ya kawo kayan nan ranar da Baffa zai zo dubiya. Kada kowa ya ce masa komai. A ajiye kawai."

Malam Isyaku direban motarsu ne, tare suka shiga aiki da Yaya. Ya nemi izinin shugabansu, aka ba shi. Ranar Asabar da hantsi, Baffa na zaune a kan tabarma kusa da katifar Yaya, sai ga Isyaku ya yi sallama. Ya shigo da kayan a sawu biyu ya jibge a bakin ƙofa: riga, wando, takalma masu ƙarfe a baki, hular kwano, da tukunyar iska da maɗaurinta. Rigar ba ta gama bushewa ba daga aikin da suka yi jiya. Ya gaida Baffa, ya zauna, suka shiga hirar farashin masara a Ƙafin Maiyaki.

Baffa yana hira yana satar kallon tarin. Bai kai minti biyar ba ya miƙe. Ya ɗaga rigar, ya jinjina. Ya ɗaga tukunyar, ya jinjina. Ya haɗa su duka a hannu biyu ya yi murmushi.

"Wannan ne? Ai ko rabin buhu bai kai ba."

"Gaskiya ne, Baffa," in ji Isyaku. "Bai kai ba. Sai dai ba a hannu ake jin sa ba."

"To a ina?"

"Sai an sa."

"Kawo in gani."

Ya tuɓe babbar riga ya miƙa min. Baffa ya haura sittin, amma har yau shi ke huɗar gonarsa. Isyaku ya sa masa wando da takalma, ya zura masa rigar, ya rataya masa tukunyar, ya kifa masa hular. Yaya na kwance yana danne dariya, dariyar na tayar masa da ciwo.

"Baffa, ka yi kyau. Gobe sai ka karɓe ni aiki."

"Rufe min baki, ja'iri."

Ya zaga tsakar gida sau ɗaya, ƙirji a gaba. Ya sake zagawa. A zagaye na uku takunsa ya canza, zufa ta fara ɗiga daga gemunsa. Isyaku ya nuna bokitin ruwa da ke gindin rijiya.

"Baffa, a ce waccan ce mesar. Ɗauko ta."

Baffa ya sunkuya irin sunkuyon manomi, ƙafafu a miƙe, baya a lanƙwashe, yadda dukanmu muka tashi muna yi. Tukunyar ta zamo ta bugi ƙeyar hular, nauyin duka ya tattaru a ƙugunsa. Ya tsaya a haka, hannu bai kai bokiti ba. Na tashi zan kama shi, ya ɗaga min yatsa. Da kansa ya miƙe, a hankali, yana dafe da gwiwa.

Sannan ya ce, "Ranar nan, awa nawa ya yi a ciki?"

"Daga hantsi zuwa la'asar," in ji Isyaku.

"Bai sauke ba?"

"Ba a saukewa, Baffa. Da shi ake gudu, da shi ake hawa tsani."

"Buhu kuwa daga ƙasa zuwa mota ne," in ji Baffa, kamar da kansa yake magana. "Taku goma ka yar."

Sai hannunsa ya taɓo wani maɗauri da ke reto a gefen ƙugunsa.

"Wannan fa, na mene ne?"

Isyaku ya sosa kai. "Na ƙugu ne. Ba mu cika ɗaurawa ba. In jiniya ta yi kuka, kowa rataya kawai yake yi ya hau mota."

"Ɗaura min."

Ya ɗaura, ya tamke. Baffa ya motsa kafaɗu, ya ɗan sunkuya, tukunyar ba ta zame ba. Ya juya ya dubi Yaya.

"Shekara sha huɗu? Ko ɗan achaɓa ya ɗora buhu, sai ya ɗaure shi da roba kafin ya tashi. Ku da aka yi muku maɗauri, kuka bar shi yana lilo?"

Aka cire masa kayan, 'yar shararsa ta jiƙe sharkaf. Ya zauna ya sha ruwa kofi biyu. Sannan ya ɗaga murya yadda za a ji a bayan labule.

"A gaya wa mai ɗakin nan na gane aikinta ne. Allah ya yi mata albarka." Ya juyo gare ni. "Ina takardar?"

An yi tiyatar kwana biyar bayan haka. Awa uku muna zaune a baranda, Baffa bai ajiye carbi ba, bai kuma yarda ya ci komai ba. Da aka fito da Yaya, abin da ya fara cewa shi ne wayar nan mai zafi ta fita daga ƙafarsa. Motsi kuwa bai dawo ba tukuna. Likita ya ce mun zo a makare amma ba mu makara duka ba, sauran sai haƙuri.

Kwana tara muka yi a ɗakin maza. Ni ke juya shi, ni ke kai shi bayan gida. Rabi na zuwa da abinci daga gidan 'yar'uwarta, tana tsayawa a kaina tana duba aikina.

"Haka ake goge wa mutum baya? Kamar kana wanke mota?"

"To karɓi mijinki."

"A'a, ci gaba. Ka saba, ranar da za ka yi aure kada 'yar mutane ta sha wahala."

Ruwa yakan ɗauke a ɗakin, sai mun sayo a jarka. Maganin da aka rubuta rabinsa a waje muke samowa. Amma masu shara da nas-nas ɗin nan sun yi mana abin da dangi ke yi. Abokan aikinsa kuma ba su bar rana ɗaya ta wuce ba wani bai zo ba.

Bayan sallama aka shiga gashin ƙashi a asibiti, sau biyu a mako, wata huɗu. Nan ne jinyar ta fi tsawo, don babu abin gani sai maimaici. Ya koyi tashi daga kwanciya ta gefe. Ya koyi ɗaukar abu daga ƙasa da lanƙwasa gwiwa. Ranar da ya yi fushi ya jefar da sanda, Rabi ta ɗauko ta ajiye masa, ta je ta dafa masa dambu. A wata na biyu yatsun suka fara motsi. A wata na huɗu ya ajiye sandar.

Ƙafar ba ta dawo duka ba. Gefenta na waje har yau a mace yake, kuma likita ya ce watakila haka zai zauna. Ba zai sake sa kayan ba. An mayar da shi koyar da sababbin ɗauka. Da mun je Kano a mako na huɗu, mai yiwuwa da ba haka ba. Don haka ga abin da nake roƙon mai karatu. Idan ciwon baya ya gangara ƙafa, a je asibiti. Idan ƙafar ta fara mutuwa ko tana ja, a je ranar. Kada a bari a ja mutum. Idan kuma akwai dattijon da sai da izininsa, a nemi hanyar da yake gane abu da ita tun da wuri, kada a tsaya jayayya.

Asabar ɗin da ta wuce na taho Kiru a bas. Saura kamar tafiyar rabin awa a ƙafa mu shiga gari, na hango mutum a gefen titi yana tafiya shi kaɗai, ƙafar hagu tana ɗan biyo ta dama a baya. Wani ɗan achaɓa ya tsaya masa, ya ɗaga hannu ya sallame shi. Na ce direba ya sauke ni.

"Yaya, daga ina?"

"Daga ko'ina. Fitowa na yi."

"Rabi ta sani?"

Kafin ya amsa wayata ta yi ƙara. Ita ce.

"Mai labarai, in ka ga yayanka a hanya ka kamo min shi. Wata shida ina roƙon Allah ya tashe shi, yanzu kuma ina neman mai zaunar min da shi. Tuwo ya huce."

Na ce ga shi a gabana, bari in tare mana babur. Yaya ya karɓi jakata ya rataya min ita a kafaɗa da kyau.

"Wane babur? Ce mata ta ɗumama. A ƙafa za mu zo."